Hannun da Muftahu Ya Ɗaure

Muftahu Zulkarnaini Ƙasimu, an haife shi ranar Asabar, 14 ga Afrilu, 1979, a wani gidan haya da ke Maamobi, daf da babbar kwatar da ta raba unguwar da Nima. Kakansa Ƙasimu falke ne mai safarar goro, wanda ya biyo ta Salaga ya sauka Accra bai ƙara komawa arewa ba. Na koyar da Muftahu a aji huɗu na firamare. Abin da na fi tunawa da shi a wancan lokacin shi ne ranar da ya kwance agogon bangon ajinmu a lokacin hutun tara, ya baje kayan cikinsa a kan benci, ya kuma mayar da su kafin a kaɗa ƙararrawa. Agogon ya ci gaba da aiki, sai dai ya riƙa gudu da minti biyar har muka rabu.

Da ya girma, ya zama mai gyaran fanka da dutsen guga da rediyo, a wani ɗan shago na katako kusa da mararrabar Kawukudi. Ya auri Sharifa, tela ce, suka zauna a Nima. Babu abin da ya bambanta shi da sauran masu sana'a na wannan layi, in ban da tsohuwar kwamfutar da ke kan teburin ƙuryar shagon, wadda ya harhaɗa da kansa daga gawarwakin wasu kwamfutoci uku.

A watan Fabrairu na 2023 fankata ta daina juyawa, na kai masa. Na tarar da shi zaune gaban kwamfutar da rana tsaka, an ɗaure hannunsa na hagu a ƙirjinsa da wani tsohon ɗankwali mai ruwan goro, kamar wanda ya karye. Na yi masa sannu, na tambaye shi ko babur ne ya buge shi. Ya miƙe da sauri, ya zare hannun daga ɗankwalin, ya karɓi fankar da hannu biyu lafiya lau.

"Madam, hannun lafiya yake. Aiki ne nake yi da shi."

"Wane irin aiki ne ake yi da hannu a ɗaure?"

"Zauna, Madam. In na faɗa miki a tsaye, za ki ce ɗalibinki ya haukace."

Na zauna, ya yi mini bayani, kuma sai da na koma shagon sau uku kafin na fahimce shi sosai. Akwai wani irin wasa da ake yi ta intanet, wanda dubban mutane ke shiga a lokaci guda, kowa daga garin da yake. A cikinsa akwai ƙasa guda mai birane da dazuzzuka da koguna, kowane ɗan wasa kuma yana da mutum-mutumi mai wakiltarsa, wanda yake tafiyar da shi, ya yi masa sutura, ya koya masa sana'a. Wani mayaƙi ne, wani maƙeri, wani mai magani. Wasan ba ya ƙarewa kamar yadda dara ko ludo ke ƙarewa. In ka kashe kwamfutarka, ƙasar tana nan, kasuwarta na ci, gobe ka dawo ka tarar an yi abubuwa ba ka nan. Wasannin suna da sunayensu na Turanci, amma Muftahu ya laƙaba wa kowanne suna da Hausa, da waɗannan zan kira su.

Wanda ya daɗe yana yi shi ne wanda yake kira Tsohon Zango. Ya fara shi a 2007 a wani shagon intanet na Nima, tare da amininsa Abdulmumin, wanda suka tashi gida ɗaya. Sannu a hankali suka tara ƙungiya a cikin wasan, suka kira ta Ayari, aka naɗa Muftahu Madugu. Da samarin unguwa suka fara watsuwa neman abinci, wasu Italiya, wasu Jamus, wasu Amurka, sai Ayarin ya zama wurin da ake iya ganinsu gaba ɗaya. Kowace Lahadi bayan La'asar ta Accra, mutum talatin da wani abu kan hallara a gindin wata bishiya da ke bakin kogi a cikin wasan, su zaunar da mutum-mutuminsu a ƙasa, a gaisa, a tambayi iyali, a faɗi wanda aka yi wa haihuwa da wanda aka yi wa rasuwa, sannan masu son farautar dodanni su tashi su tafi. Na tambaye shi me ya hana su yin wannan gaisuwa ta waya kamar kowa. Ya ce a waya dole mutum ya yi magana, amma a gindin bishiyar mutum na iya zuwa ya zauna kawai, a gan shi.

Wannan magana ta shafi Abdulmumin. Ya tafi Italiya a 2011, ya yi aiki a wata masana'anta a Brescia, ya ɗauko matarsa Latifa. A 2021 hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, hannu ɗaya ya mutu, harshensa ya yi nauyi. Ya daina ɗaukar waya sai ta 'yan'uwa na jiki. Amma bai taɓa fashin Lahadi ba. Tsohon Zango wasa ne mai sanyin tafiya: ka danna wuri da maus, wato ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, mutuminka ya taka ya je. Da hannu ɗaya ana iya yin sa. Abdulmumin ya bar yaƙi ya koma kamun kifi, yana gasawa yana raba wa mayaƙa guzuri, har suka naɗa shi Sarkin Ruwa. A wurin bai zama abin tausayi ba, domin ba a fita farauta sai an biya ta wurinsa.

A watan Janairu na wannan shekara ta 2023 kamfanin da ke da wasan ya ba da sanarwa cewa zai rufe shi a ƙarshen Yuni. Dole Ayari ya nemi wata ƙasa. Matasan cikinsu suka yi ta kawo sunayen sababbin wasanni masu kyan hoto. Muftahu ya ce a dakata. Ya ce ya ji daga mahaifinsa cewa a ayarin kakansa ba a tashi daga zango sai wani ya riga ya je ya duba na gaba, ya ga ruwa, ya ga makiyaya, ya kuma auna hanyar da ƙarfin jakin da ya fi kowanne rauni. Ya ɗauki alkawarin gwada wasanni huɗu, kowanne da hannu ɗaya, ya ga wanda Sarkin Ruwa zai iya rayuwa a cikinsa. Dalilin ɗankwalin ke nan. Ya ce in bai ɗaure hannun ba, yakan kai shi kan allon madannai bai sani ba.

Yana rubuta abin da ya gani a wani littafin rubutu mai shuɗin bango, kuma ya roƙe ni in duba masa Hausarsa, saboda a Ayarin akwai 'yan Maraɗi da 'yan Kano da ke yi wa Hausar Accra dariya. Na karɓa. Rubutun nasa duk namiji ne, mace da ƙasa da kwamfuta duk "ya" yake ce musu, na gyara da jan alƙalami. Amma tsarin tunaninsa ban taɓa shi ba, don bai buƙaci gyara ba.

Wasa na farko, Ƙasar Ƙanƙara, ya ce ya fi duka kyau a ido, har ana ganin numfashin doki. Amma yaƙinsa na gaggawa ne, sai yatsu goma sun yi aiki tare, kuma in intanet ya ɗan yi rawa, kamar yadda yake yi a Nima in hadari ya taso, kafin hoto ya dawo an kashe ka. Ya soke shi cikin mako guda. Na biyu, Birnin Ƙarfe, na jiragen sama jannati ne. Ya yaba kasuwarsa ƙwarai, ya cika shafi uku a kan yadda ake ciniki a cikinta, sannan ya rubuta a ƙasa cewa babu inda mutum talatin za su zauna a ƙasa, kowa yana cikin jirginsa, sai dai a gaisa ta taga. Akwai kuma wata matsala da ta ɗauki Ayarin Lahadi biyu ana gardama: in mutuminka ya mutu, ba ya tashi sai ya durƙusa gaban wani gunki. Wasu suka ce ai hoto ne, wasu suka ce hoton ma ba za su durƙusar da shi ba.

Na uku, Kwarin Fitilu, tsohon wasa ne mai sanyi irin nasu. Yana da dandali a tsakiyar gari inda ba a kai hari, yana da kogi da kifi, yana kuma tafiya a kan kwamfuta mai rauni. Amma Muftahu ya ce ba shi da armashi, matasa za su gudu, kuma akwai wasu duwatsu a kan hanyar kogin da ba a tsallake su sai da hannu biyu. Na huɗu, Tsibirai, shi ya ci zuciyarsa. Akwai kwale-kwale, akwai kifi iri tamanin, akwai yaƙi ga mai so. Yana buƙatar tsalle da kaucewa, amma Muftahu ya gano dabara: akwai maus mai maɓallai biyu a gefe, daidai inda babban yatsa ke kwanciya. Ya mayar da tsalle a kan ɗaya, kaucewa a kan ɗaya. Da hannunsa na dama kaɗai ya zagaye tsibiri uku. Ya sayi irin wannan maus ya ba wani matafiyi ya kai Brescia, ya sanar da Ayari cewa an samu zango.

Alu, wani ɗan Maraɗi mai sayar da kayan babur a unguwar Malam, wanda shi ne ya fi kowa tsokanarsa, ya zo shagon ranar da nake can. Ya dubi ɗankwalin ya ce, "Madugu, wata biyu kana sanye da kallabin matarka. In an gama, a sai maka zane ya zama cikakke." Muftahu ya ce masa ya bari sai ya iya kama kifi ɗaya da hannu biyun nasa tukuna.

Lahadin farko bayan ƙaramar salla aka yi taron gwaji a Tsibirai. Kowa ya zo. Mutumin Abdulmumin ya bayyana a bakin tashar jirgi, inda kowane sabon shiga ke farawa. Daga nan zuwa dandali akwai wani ɗan gibi a kan gadar katako da ake tsallakewa. Sun gan shi ya tako, ya faɗa ruwa. Ya dawo, ya sake faɗawa. Sau shida. Sannan ya tsaya cik na ɗan lokaci, ya ɓace. Lahadi ta gaba bai zo ba, ko a Tsibirai ko a Tsohon Zango. Karo na farko ke nan cikin shekara goma sha shida.

A nan ne kuskuren ya fito, kuma na daɗe ina juya shi a raina, domin da ni ce a matsayin Muftahu da shi zan yi. A cikin shekara biyu da ciwon, babu wanda ya tambayi Abdulmumin wane hannu ne ya mutu. A wurinmu ba a tsare mutum da tambaya a kan lalurarsa. Ana cewa ya jiki, ya ce da sauƙi, a yi addu'a, a wuce. Abin da Muftahu ya dogara da shi magana ɗaya ce da Latifa ta faɗa wa Sharifa tun farkon ciwon, cewa an gode Allah, yana cin abinci da kansa. Tun da da dama ake ci, Muftahu bai ko yi shakka ba, ya ɗaure hagu. Da Sharifa ta kira Latifa ta matsa mata a matsayinsu na mata, sai Latifa ta ce dama ce ta mutu. Da hagu yake ci, kuma ba ya yarda ya ci a gaban kowa, ko 'ya'yansa. Maɓallan nan biyu da aka yi domin babban yatsan dama, in hannun hagu ya riƙe maus ɗin, sai su faɗo a ƙarƙashin ƙaramin yatsa, inda ba su dannuwa. Abdulmumin ya karɓi maus ɗin, ya yi godiya, bai faɗa wa kowa matsalar ba.

Sharifa ta ce ranar Muftahu ya rufe shago tun kafin Azahar, ya zo gida ya zauna a bakin ƙofa yana kallon tafin hannunsa. Washegari ya ɗauki ɗankwalin ya ɗaure dama. Saura wata biyu.

Na je na gan shi a wannan hali, kuma sai a lokacin na gane cewa gwajin farko ma bai auna komai ba. Mutumin da ya zagaye tsibiri uku ya koma kamar yaron da ke koyon riƙe alli. Kibiyar da ke kan allo tana zillewa, ya nufi ƙofa ya danna bango. Ya ce ashe da hannun da ya ƙware ya yi gwaji, alhali Abdulmumin da hannun da bai taɓa koyon komai ba aka bar shi. Ya buɗe sabon shafi ya sake bin wasannin huɗu daga farko. Tsibirai ya faɗi cikin kwana biyu. Kwarin Fitilu, wanda ya raina, shi kaɗai ya yi haƙuri da hannun hagu: ƙofofinsa manya ne, babu abin da ke koro mutum, in ka danna ba daidai ba sai ka sake. Saura duwatsun nan bakwai na hanyar kogi, inda dole a riƙe hanya da hannu ɗaya a yi tsalle da ɗayan. Ba a ɗaukar wani a tsallake da shi. Kuma in ba kogi, Sarkin Ruwa zai zama ɗan zaman dandali kawai.

Dabarar ta zo masa ne a ɗakin Sharifa, yana kallon ƙafarta a kan fedar keken ɗinki. Ya ce in hannu ɗaya ne, ai akwai ƙafa. Zai haɗa feda da makunnin fanka, a jona ta da kwamfuta, taku ɗaya ya zama tsalle. Amma wannan karon bai yarda ya yi zato ba. Sharifa tana wurin ya kira Brescia, ya ce wa Latifa ta kara wa mijinta wayar a kunne ko yana so ko ba ya so.

"Sarkin Ruwa, ni ne. Zan yi maka tambayar rashin kunya, ka yafe mini. Wace ƙafa ce ke aiki?"

Muryar Abdulmumin ta zo, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya.

"Hagu."

"Tana iya taka abu da ƙarfi, ko a hankali?"

"A hankali. Yatsun sun fi dunduniya." Ya ɗan numfasa. "Madugu, shekara biyu. Sai yau ka iya tambaya?"

"Kai ma shekara biyu, sai yau ka iya faɗa?"

Sharifa ta ce ta ji wani sauti daga wayar da ta ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Sun yi kusan awa ɗaya, Muftahu na tambaya yana rubutawa: tsayin kujera, santsin daɓen ɗaki, ko da takalmi yake zama.

An rufe Tsohon Zango ranar Juma'a, 30 ga Yuni, ana cikin hidimar babbar salla. Lahadin da ta gabaci rufewar Abdulmumin ya dawo gindin bishiyar, ya gasa duk kifin da ya tara ya raba, ko da yake babu sauran farautar da za a ci shi. Ayari ya koma Kwarin Fitilu. Muftahu ya ce shi ba zai wuce duwatsun ba sai Sarkin Ruwa ya wuce, amma bai hana kowa ba. Matasa goma sha biyu suka ga wasan ya yi musu sanyi, suka koma Ƙasar Ƙanƙara. Mutum goma sha tara suka tsaya, har da Alu, wanda ya ce ya tsaya ne kawai don ya ga ranar da za a yi tsalle da keken ɗinki.

Feda ta farko ta yi tauri, Muftahu ya gwada ta da yatsun ƙafarsa na hagu, ya ce mai ciwo ba zai iya ba. Ta biyu ta yi laushi har tana danna kanta in an ɗora ƙafa a huta. Ya aika da ita duk da haka a watan Agusta, Abdulmumin ya tsallake dutse uku da ita kafin mutuminsa ya yi tsallen da ba a sa shi ba ya faɗa ruwa. Ya aiko da saƙo cewa ya hango kogin daga dutse na uku, kuma akwai kifi. Muftahu ya fara ta uku, da wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ya ciro daga tsohon dutsen guga, wanda ya ce ƙarfinsa ya faɗo tsakanin na biyun.

A ƙarshen Satumba zazzaɓi ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti, ya yi kwana goma sha ɗaya. Ya rasu ranar Talata, 10 ga Oktoba, 2023, yana da shekara arba'in da huɗu. Allah Ya jiƙansa da rahama. Bayan addu'ar arba'in Sharifa ta kawo mini littafin mai shuɗin bango, ta ce akwai shafukan ƙarshe da ban gyara ba. Na karanta su, ban sa musu jan alƙalami ba.

Alu ya shaida mini cewa har yanzu suna haɗuwa kowace Lahadi a dandalin Kwarin Fitilu, Abdulmumin na zuwa, kuma daga cikin goma sha takwas da suka rage, in ban da shi, babu wanda ya taka dutsen farko. Fedar ta uku tana kan teburin ƙuryar shagon, kusa da ɗankwalin. An kafe ta a kan katako, an manna roba a ƙasanta saboda santsin daɓe, an liƙa waya ɗaya da darma. Ɗaya wayar tana reto, an fere bakinta, ba a liƙa ba. A shafin ƙarshe na littafin ya zana inda za ta shiga, ya rubuta a gefe cewa a gwada da yatsu, ba da dunduniya ba, a kuma kira Brescia a tambaya kafin a aika.